Kular da aka zuba wa romo

Matar mahauci ce ni, kuma kunun aya nake sayarwa. Wanda ya san garin nan ya san waɗannan abubuwa biyu ba su cika zama gida ɗaya ba. Mutane za su ci naman mijinki har su lashe yatsa, amma ki miƙa musu farin abu mai sanyi a kofi, sai sun kai shi hanci kafin su kai baki. Shekara takwas na yi ina yaƙi da wannan shinshinar a layinmu na Tudun Wada, har na ci nasara. Matacina daban, ludayina daban, bokitin jiƙa aya daban, ko wuƙar da nake ɓare kwakwa da ita ba ta taɓa ganin nama ba. Maigidana kansa in ya dawo daga kasuwa ya san ba ya bi ta gefen kayan kunu sai ya yi wanka ya sake riga.

Uwar kayan duka ita ce kula. Shuɗiya ce, babba, mai farin murfi, in ta cika sai mutum biyu ke ɗaga ta. Tunkiyar da babana ya aiko mini daga ƙauye na sayar na saye ta, don haka babu mai cewa ya taya ni ko da hannunta ɗaya. Da sassafe nake kai ayar da ta kwana a ruwa niƙa, tare da dabino da kwakwa da 'yar citta, in tace sau biyu, in juye kai tsaye cikin kula. Ƙanƙara kuwa sai na ƙulle ta a leda biyu kafin in jefa, don kada ta narke ta salamce mini kunu. In danne murfi, in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, in girke ta a zaure, ni kuma in zauna bayan labule. Kafintoci da masu walda na layin su ne masu sayena. Mutum ya yi sallama, ya miƙo jug ta gefen labule, in cika in miƙa masa.

Kunun aya ba shi da haƙuri. A bazarar Sakkwato, lokacin da ko butar alwala sai ka bari ta huce kafin ka taɓa ruwanta, in ka bar shi a fili kafin ka gama sallar azahar ya yi tsami. Amma a cikin kular nan yakan kai la'asar yana kama haƙori don sanyi. Wannan sanyin da wannan tsabtar su ne sunana a unguwa, ba ni da wani abin taƙama bayan su.

Duk macen da ta san kanta ta san kula iri biyu ce ko da kamanninsu ɗaya: akwai ta zafi, akwai ta sanyi. Ta zafi a zuba mata shinkafa, tuwo, miya, duk abin da aka ga dama. Ta sanyi kuwa in ka zuba mata abu mai mai daga kan wuta, ka kashe ta. Wannan ba karatu ba ne, ko amaryar jiya ta sani.

Aka sa bikin autan su maigidana a babban gida, can unguwar Gidan Igwai. In biki ya zo, kuloli ake bi gida-gida ana arowa, kowace mace ta yi wa tata alama da jan farce a gindi don kada ta ɓata a cikin taro. Ni ba na ba da tawa, kowa ya sani, ana ma yi mini tsiya a kai. Shi ya sa yayar mijina ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Mace ce mai jiki da murya, ita ke juya gidansu tun rasuwar mahaifinsu, kuma har yau Amarya take ce mini duk da na haifi biyar.

Ta ce, “Amarya, kulag ga taki nika so, kwana guda tal.”

Na ce, “Yaya, ta sanyi ta. Ko ruwan ɗumi ba su taɓa shiga cikinta ba.”

Ta ce, “Ni za ki koya ma kula? Ƙanƙara da lemun kwalba za a sa, na baƙi maza. Ko ba ki yarda da ni ba?”

Ta yaya za ki ce da yayar mijinki ba ki yarda da ita ba? Na wanke kula, na goge, na ba ta. Ranar bikin kuma aka sa ni cikin masu zuwa ɗauko amarya, na yini can gidan su yarinyar ana cacar baki a kan kuɗin sayen baki, ban ga abin da ya gudana a wajen girki ba.

Sai bayan kwana uku aka dawo mini da ita, an jera alkaki da nakiya a ciki, don ba a mayar da abin aro fanko. Na buɗe, ƙamshin garin sabulu ya doke ni. Wankin ya yi yawa, na lura, amma na ce ƙila kara ce aka yi mini. Na sake ɗauraye ta, kashegari na zuba kununa kamar kullum.

Ana kiran azahar shugaban kafintocin layin ya yi sallama. Dattijo ne mai kunya, shekara takwas yana shan kununa bai taɓa cewa ko sukari ya yi kaɗan ba. Ya miƙo jug ɗinsa ta gefen labule, a cike.

Ya ce, “Hajiya, ba don in ɓata miki rai ba. Kunun ga na yau, kamar ga tukunyar miya anka dama shi.”

Na kurɓa. Kai da ƙafa ne. Romon kan saniya, da daddawarsa da tafarnuwarsa da wannan maiƙon da ke maƙale wa mutum a dasashi. Matar mahauci ba ta ɓata wannan ƙamshin da wani. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na kwashe kunun gaba ɗaya na zubar a kwata, na kifa kula a rana ina dubawa, sai ga shi: farar robar ciki ta ɗan kumbura a gindi, kuma kusa da ƙofar tsiyaye ruwa akwai tsaga siririya, ba ta fi zaren ɗinki ba. An juye mata romo yana tafasa, robar ta tsage, romon ya bi ta tsagar ya shige cikin soson da ke tsakanin bango biyun. Can kuwa babu hannun da zai kai.

Babu abin da ban gwada ba. Toka, kanwa, lemun tsami, ruwan tsamiya, gawayi da na daka na bari ya kwana uku a ciki. Har turaren wuta na yi mata, abin dariya. In ta bushe sai ka rantse ta warke. Ka zuba ruwan sanyi ka rufe na awa biyu, ka buɗe, romo ya yi maka maraba. Ga shi kuma ta daina riƙe sanyi, kafin hantsi ya dubi ludayi ƙanƙara ta zama ruwa.

Na ɗauki keke napep, na sa kula a ciki, na nufi Gidan Igwai. A tsakar gida na dire ta gaban surukata, wadda muke kira Inna, da Yaya, da matan ƙannensu biyu. Na buɗe murfi na ce kowa ya zo ya ji.

Yaya ko leƙawa ba ta yi ba. Ta ce, “Babu abin da ya shiga kulag ga in ba ƙanƙara da lemu ba. Hancinki na.”

Na nuna mata tsagar. Sai ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Halan can dama tah hwashe gare ki, kinka ba mu aro don ki samu wanda za ki ɗora ma. In sabuwa kika so, hwaɗi kai tsaye a sai miki.”

Matan nan biyu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Inna ta ce in yi haƙuri, roba ce, ba a ɓata zumunci a kan roba. Na mayar da murfin kulata. An kashe mini kula, sannan an ce ni maƙaryaciya ce mai neman abin hannun mutane. Na biyun ya fi na farkon zafi sau goma.

Da na dawo gida na faɗa wa maigidana ina kuka. Ya saurare ni har na gama, ya ce in share hawayena, gobe zai shiga kasuwa ya sayo mini wadda ta fi ta. Na ce wallahi ko kyauta aka ba shi kada ya kawo mini. In na karɓa, ai maganar Yaya ta tabbata ke nan. Ya ce to in bar maganar, shi ba ya shiga sha'anin mata.

A layi kuma zance ya riga ya zaga. Babu wanda ya ce an ari kularta an ɓata, don babu wanda ya sani. Abin da aka ce shi ne, to dama matar mahauci ce, ai da ma ana ta kau da kai. Wani mai walda da ban taɓa hana shi ƙari ba, shi ya ce ƙila a robar wanke kayan ciki nake tace aya. Maƙwabciyata ce ta kawo mini wannan, tana yi tana kallon fuskata ta ga yadda zan yi. Wata biyar zaurena a rufe. Sai bayan kaka, da yayana ya aiko mini da buhun shinkafa daga fadamarsu, na sayar da rabi na sayi wata kular, ja. Na koma bayan labule. Wasu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ma ina jin su ta bayan labule suna jan hanci kafin su sha.

Tsohuwar kular ban yar da ita ba. Na ɗaure murfinta da tsumma, na tura ta lungun ɗaki bayan sif. Duk bayan wata biyu ko uku in jawo ta, in zuba mata ruwa rabin kofi ta wajen tsagar, in mayar in rufe, don kada warin ya mutu. Na san wannan ba aikin mai lafiyayyar zuciya ba ne, kuma ban damu ba. Maigidana ya taɓa tarar da ni ina yi, ya ce mi kika yi haka? Na ce shaidata nake shayarwa. Bai sake tambaya ba.

A fili kuwa na zama mutuniyar kirki. Ina zuwa babban gida, in durƙusa in gaida Inna, in gaida Yaya da fara'a, in taya ta tsintar shinkafa. Da Sallar layya ni ke soya mata nama don ta ce hannuna ya fi daɗi. Sai na dawo gida nake sauke abin da ke raina, kuma a kan maigidana nake sauke shi. Kusan kowane mako sai na yi masa bitar maganar: yadda ta dube ni, yadda matan nan suka yi murmushi, yadda nake so wata rana ta faɗi gaskiya da bakinta a gaban Inna. Yakan gyaɗa kai yana cin tuwonsa, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Ina jin sanyi in ya faɗi haka, don ina ganin ko duniya ta ƙaryata ni, akwai mutum ɗaya da ya san ba na ƙarya.

Shekara biyu da 'yan watanni, babban ɗan Yaya ya samo matar aure a Kano. Yaya ta rikice. Mutanen Kano za su kawo amarya, kuma ta ji an ce su masu ido ne, komai sai sun auna. Ta sa aka yi wa gida fenti, ta sake labulaye, ta yi ta nanata cewa ba za a koma Kano a ce Sakkwatawa ba su iya tarbar baƙi ba. Ana saura mako guda ta kira ni gefe.

Ta ce, “Amarya, ke za ki yi muna kunun aya na tarbar baƙi. Shi za su hwara sha in sun sauka. Ki yi shi awa na sarakuna.”

Na ce, “Yaya, an gama.”

Ban yi barcin kirki ba a makon nan, don murna. Ranar ta zo a tsakiyar bazara. Na zaɓi aya mai kyau, na tsince ta ɗaya-ɗaya, na yi kunun da ban taɓa yin irinsa ba. Kashi uku na juye a jar kula. Kashi ɗaya, Allah ya yafe mini ɓarnar abinci, na juye a shuɗiyar, na rufe tun hantsi don ya samu lokacin jiƙuwa. Na lulluɓe ta da sabon zane har ƙasa. Jar kuma na sauke ta a gidan wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da babban gida, na ce ta ajiye mini na ɗan lokaci. Ba ni da niyyar shayar da baƙin mutane ƙazanta. Mutum ɗaya nake so in gani a tsaka mai wuya.

Baƙi sun sauka bayan azahar, sun sha hanya, leɓunansu sun bushe. Aka zaunar da su a rumfa a tsakar gida, mata sun fi ashirin, suna fifita da gefen mayafi. Babbarsu gwaggon amarya ce, mai farin gilashi, ita ce ta ce kai, ashe zafin Kano wasa ne. Yaya ta yi dariya ta ce yanzun nan za su manta da zafi, ga kunun aya nan tafe irin wanda ba a yi a Kano. Ta ɗaga murya ta ce a shigo da shi.

Ni da matar ƙanensu muka ɗauko. Muka dire a tsakiyar rumfa, na yaye zanen a hankali, na ninke shi na ajiye.

Na daɗe ina kwatanta wannan lokacin a raina, amma ganinsa ya fi. Dariyar Yaya ta tsaya a rabi. Ta dubi shuɗiyar robar, ta dubi farin murfin, ta dube ni. Na buɗe kaɗan, daidai shigar ludayi, na cika kofin gilashi, na ɗora a faranti, na juya wajen gwaggon amarya. Matar har ta miƙo hannu tana cewa madalla.

Yaya ta cafke mini wuyan hannu. Kunu ya ɗan zuba a faranti.

Ta ce da baƙi, tana yaƙe, “Ku yi haƙuri, bai yi sanyi ba tukuna.” Sannan ƙasa-ƙasa, ta haƙora, “Ba cikin wagga ba.”

Ni ma na yi ƙasa da murya, na ce, “Don mi, Yaya? Ai ƙanƙara da lemu kaɗai sunka taɓa shiga cikinta. Ke kinka hwaɗi.”

Ta ce, “Amarya, ki ruhwa man asiri.”

Na ce, “Akwai wani kunun, mai kyau, nan kusa. Mu tahi gaban Inna ki hwaɗi abin da anka zuba ma kulata, in kawo shi yanzu. In ba haka ba, wanga na nika da shi.”

Ta saki hannuna. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Ta mayar da murfin da kanta, ta danne, ta ce da matar ƙanenta kada kowa ya taɓa, sannan ta ja ni zuwa ɗakin Inna.

Inna na zaune a kan darduma da carbi. Yaya ta turo ƙofa ta jingina da ita, tana haki. Na tsaya na harɗe hannu ina jira.

Ta ce, “Romon kai da ƙahwa anka zuba. Daga bisa wuta. Kin ji? Hankalinki ya kwanta?”

Na ce, “Kuma lahiya lau nib ba ki ita.”

Ta ce, “Lahiya lau kinka ba ni.” Ta goge gumi da mayafi. Sai idonta ya canza, ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tono abin da zai dame shi. Ta ce, “Tun da gaskiya kika so, ki ji ta duka. Ba ni niz zuba ba. Ina can wurin tuwo. Kulolin zahi sunka ƙare, ga romo ya nuna, ga abokan ango sun zauna. Mijinki yac ce a zubar da ƙanƙara a ɗauko kulag gidanshi, shina da iko da ita. Shi yak kama kunnen tukunya yaj juye da hannunshi. Da nig gani niy yi ta hwaɗa, yac ce in yi shiru, in kin ji ba a kwana lahiya gidanku. Ƙanena na, niy yi shiru. Maganar da nih hwaɗa miki ranan nan kau, ta ƙarya ta, na ɗauki alhakinki. Amma ki san wa za ki yi hushi da shi.”

Na juya wajen Inna, ina jira ta ce wannan wace irin magana ce. Ba ta ɗago ba. Ta ja carbi biyu, ta ce, “Ku tahi ku ba baƙi ruwa, sun gaji.”

Ashe ita ma ta sani.

Na fita, na je gidan tsohuwar nan, aka taya ni ɗauko jar kula. Ni na zuba wa baƙi da hannuna, kofi-kofi. Gwaggon amarya ta sha uku, ta ce sai na koya mata sirrin, aka yi ta yaba Yaya da iya tarba. Ina jin su kamar daga wani gida. Abin da ke yawo a kaina shi ne tuwon nan da yake ci yana gyaɗa kai, mako bayan mako, ina ba shi labarin abin da shi ya aikata.

Ban jira an watse ba. Na sa aka ɗora mini shuɗiyar kula a napep da kununta a ciki, na koma Tudun Wada. Na girke ta a zaure, a wurinta na da, na ɗaure labule sama, na ajiye kofi ɗaya a kan murfi, na zauna. Na san bayan la'asar zai dawo ya sake kaya kafin walimar maza.

Ya shigo da sallama, da babbar rigarsa ta biki. Ya ga kula, ya ga kofi, ya gan ni. Daga yadda ƙafarsa ta tsaya a bakin ƙofa na gane labari ya riga ni isa gare shi. Na buɗe murfi gaba ɗaya. Zuwa lokacin ƙanƙara ta narke, kunu ya yi ɗumi ya fara tsinkewa, warin tsohon maiƙo ya cika zauren. Na cika kofi na miƙa masa.

Na ce, “Malam, ka sha rana. Ga kunu.”

Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon cikin kofin. Mutumin da ya fi shekara talatin yana fiɗa, hancinsa ya fi nawa sanin abin da ke ciki. Ya rufe ido ya shanye, maƙogwaronsa na kai da kawo. Na karɓi kofin na sake cikawa.

Ya ce, “Ni na. Ni niz zuba.”

Na ce, “Na ji. Sha.”

Ya ce, “Ranar hwarko kunya nij ji. Daga baya kuma magana tay yi nisa, nir rasa inda za ni kamo ta.”

Na ce, “Ga inda za ka kamo ta. Masu aiki ba su tashi ba tukuna. Ka ɗauki kulag ga ka bi su shago-shago, ka hwaɗa musu wa yaz zuba romo cikin kulak kununa, kuma yaushe. Ka hwara da mai waldan can da yac ce ga robar kayan ciki nika tace aya.”

Ya dubi babbar rigarsa, ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata. Ya ajiye kofin, ya naɗe hannun riga, ya rungumi kular ya fita da ita. Na sauke labule na tsaya a bayansa, inda nake jin komai. Na ji injin walda ya tsaya. Na ji muryar maigidana, wadda aka saba ji tana cika kasuwa, ta koma ƙarama tana bayani. Wani ya yi dariya, wani ya ce subhanallahi. Shago shida ya shiga, na ƙirga su da kunnena, kuma ban ji tausayinsa ko sau ɗaya ba.

Kashegari kafin azahar jar kula ta ƙare tas. Dattijon kafinta ya zo da jug biyu, mai walda ya tsaya daga nesa ya ba da haƙuri, babu wanda ya ja hanci. Sunana ya dawo, kuma na ji daɗinsa yadda na zata.

Da yamma na kai wa maigidana tuwo. Ya buɗe kwano, ya ɗan saurara kamar yadda ya saba, yana jira in zauna in fara ba shi labarin yini da abin da ya ɓata mini rai. Na tsaya ina kallon tabarmar da nake zama a kai kusan shekara ashirin. Na nemi abin da zan faɗa masa na rasa, ba don babu ba. Na ajiye masa ruwan wanke hannu, na koma tsakar gida na jiƙa ayar gobe.